Yadda waya ke sanin saƙon da ka karanta da wanda ba ka karanta ba

Tambayar da ɗan'uwa ya yi ita ce, yana cikin guruf ɗin WhatsApp na 'yan unguwarsu da wani kuma na Telegram, in ya kwana biyu bai leƙa ba sai ya tarar da saƙo wajen ɗari shida sun taru, yana buɗe na WhatsApp ya karanta guda biyar ya fita sai lambar ta ɓace gaba ɗaya, shi kuwa na Telegram lambar raguwa take yi kaɗan-kaɗan, sannan a laftof ɗinsa wani lokacin saƙon da ya riga ya karanta a waya yana nan zaune kamar sabo. Wai ta yaya manhaja take sanin abin da mutum ya karanta?

To malam, aikina kenan rubuta manhaja, kuma wannan ɓangaren na lissafin sabon saƙo yana cikin abubuwan da ake raina wa amma suke cin lokacin mutum sosai. Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne manhaja ba ta san ka karanta komai ba. Ba ta ganin idonka. Abin da ta sani kawai shi ne saƙo kaza ya fito a sikirin ɗinka a lokacin da manhajar take buɗe, ko kuma ka buɗe hira kaza. Daga nan sai ta yanke hukunci cewa an karanta. Duk bambancin da kake gani tsakanin WhatsApp da Telegram da imel ya samo asali ne daga abu biyu, a ina ake ajiye wannan hukuncin, kuma da wace siffa ake ajiye shi.

Bari in fara da imel tunda shi ne mafi sauƙin ganewa. A imel kowane saƙo yana da tasa tutar, ko an gani ko ba a gani ba. Tsarin da ake kira IMAP, wanda Mark Crispin ya fara ƙirƙira a jami'ar Stanford a 1986, shi ne ya sa wannan tutar take zama a saba, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke riƙe da akwatinka, ba a wayarka ba. Shi ya sa in ka buɗe wasiƙa a waya, ka je kwamfutar ofis za ka ga ita ma ta daina nuna ta da baƙin rubutu mai kauri. Tsohon tsarin POP3 ba shi da wannan, sauke wasiƙu kawai yake yi, kowace na'ura ita ke riƙe nata lissafin, waɗanda suka yi aikin ofis da shi a da sun san wahalar. Akwai ma wani ɗan abu a IMAP da nake so, in manhaja ta nemi cikin wasiƙa ta hanyar da aka saba, saba da kanta take ɗaga tutar an gani, amma akwai umarni na daban na leƙe, wanda zai kawo maka wasiƙar ba tare da an taɓa tutar ba. Da shi ne manhajar imel take iya sauke wasiƙu ta ajiye maka tun kafin ka buɗe su kuma su ci gaba da zama sababbi.

Wannan tsarin na tuta ɗaya ga kowane saƙo shi ne ya fi gaskiya, domin kana iya karanta na 3 da na 9 ka bar na tsakiya, kuma kana iya mayar da guda ɗaya tak ya koma sabo. Yana yiwuwa ne saboda akwatin naka ne kai kaɗai. Matsala tana farawa ne ranar da mutane da yawa suke karanta abu ɗaya.

Yi lissafi da kanka. Guruf ɗin Telegram yana ɗaukar mutum har 200,000. A ce a rana ana turo saƙo 1,000, in za a ajiye wa kowane mutum tuta a kan kowane saƙo, layi miliyan 200 kenan za a rubuta a rumbun bayanai a rana ɗaya, a guruf ɗaya, kuma yawancin mutanen nan ba ma za su buɗe ba. Babu kamfanin da zai yarda da wannan asarar. Sai aka koma wata dabara mai arha, maimakon a riƙe duk abin da ka karanta, a riƙe inda ka tsaya kawai. Kamar dai yadda mai karatun littafi yake saka 'yar takarda a shafin da ya tsaya, ba sai ya bi kowane shafi yana sa masa alama ba, duk abin da ke bayan takardar an wuce shi, duk abin da ke gabanta saura ne.

Haka Telegram yake yi. Kowane saƙo a guruf yana da lamba, kuma lambobin hawa suke yi, na yau ya fi na jiya. A sabarsu, ga kowace hira da kake ciki, akwai lamba ɗaya da ke cewa wannan shi ne saƙo mafi girman lamba da wane ya gani. In saƙon ƙarshe a guruf shi ne na 8,600 kai kuma alamarka tana kan 8,000, to abin da ke tsakani shi ne sabo a wajenka. Kana jan sikirin ƙasa manhajar tana gaya wa saba yanzu ya kai 8,040, yanzu ya kai 8,100, shi ya sa kake ganin lambar tana raguwa a hankali, kuma in ka fita a tsakiya ka dawo gobe daga nan za ka ɗora. Mutum 200,000, lamba 200,000, shikenan, komai yawan surutun da za a yi a guruf ɗin lissafin ba ya ƙaruwa.

Amma fa arhar nan tana da farashi, kuma shi ne abin da ke ba mutane haushi ba su san dalili ba. In ka danna 'yar kibiyar nan da ke kai ka can ƙasa, alamarka ta yi tsalle zuwa 8,600, duk saƙo ɗari biyar ɗin da ka tsallake sun zama karantattu a lissafi, ko da idonka bai sauka a kan ko ɗaya ba. Tsarin ba shi da wurin da zai rubuta cewa ya ga na ƙarshe amma bai ga na tsakiya ba. Lamba ɗaya ce. Kuma wannan ne dalilin da ya sa a Telegram ko WhatsApp ba za ka iya ɗaukar saƙo guda ka ce a mayar da shi sabo ba kamar yadda ake yi a imel. Zaɓin nan da ake danna hira a riƙe a ce a mayar da ita kamar ba a karanta ba, ba ya mayar da alamar baya ko kaɗan, wata 'yar tuta ce daban da ake liƙa wa hirar gaba ɗayanta don ta tuna maka, shi ya sa ɗigo kawai kake gani babu lamba a ciki, kuma wanda ya turo maka saƙon bulu tik ɗinsa yana nan bai koma toka-toka ba. Shi ma kiran suna da ake yi da alamar @ lissafinsa daban ne a Telegram, don kada wanda aka kira da suna ya nutse cikin sauran surutu.

Za ka iya cewa me ya sa ba a amfani da lokaci kawai, a ce duk abin da ya zo bayan ƙarfe kaza sabo ne. An yi hakan, tsofaffin shafuka da yawa lokacin ziyararka ta ƙarshe kawai suke riƙewa, to sai ya zama ka shiga minti ɗaya nepa ta ɗauke ko data ta ƙare, ka dawo an ce maka babu sabon abu. Ga kuma matsalar agogo, wayoyi da yawa agogonsu ba daidai yake ba, kuma saƙo biyu suna iya zuwa a daƙiƙa ɗaya. Don haka masu hankali ba sa yarda da agogon waya a wannan lissafin, saba ce ke ba da lamba. Masu manhajar hira ta Discord sun haɗa biyun ne wuri ɗaya, lambar kowane saƙo a wajensu tana ɗauke da lokacin da aka ƙirƙire shi a cikinta, ana ƙirga shi daga farkon shekarar 2015, dabarar da Twitter suka fito da ita a 2010, don haka kana kwatanta lamba biyu ka san wanne ya riga wanne.

Akwai hanya ta uku da ke tsakanin tuta ga kowane saƙo da alamar inda ka tsaya, kuma ni a ganina ita ce aka yi wa rashin adalci aka manta da ita. Tun zamanin Usenet, tsarin musayar rubutu da ɗalibai biyu na jami'ar Duke a Amurka, Tom Truscott da Jim Ellis, suka tsara a 1979, manhajojin karatu suna ajiye wani ɗan fayil mai suna .newsrc a kwamfutar mai karatu, a cikinsa ana rubuta zango-zango ne, misali 1-4520,4523,4530-4541. Ma'ana ya karanta daga farko zuwa 4520, ya tsallake biyu ya karanta 4523, ya sake tsallake wasu. Ka ga wannan bai ci wuri ba, kuma yana riƙe ramukan da ka bari a baya. Da manhajojin hira na yau sun ɗauki wannan, da matsalar tsalle zuwa ƙasa ba ta taso ba. Dalilin da ya sa ba su ɗauka ba a fahimtata shi ne sun ɗauki hira a matsayin abu mai wucewa, ba karatu ba, alhali mu a nan guruf ya zama makaranta, ya zama kasuwa, ya zama wurin sanarwar ɗaurin aure da rasuwa, abin da ka tsallake yana iya zama shi ne mafi muhimmanci.

Kuma kada ka ɗauka don lamba ɗaya ce aikin ya zama wasa. Discord sun yi bayani a 2020 cewa suna da sashe guda sukutum wanda aikinsa kawai riƙe inda kowa ya tsaya a kowane zauren hira, irin waɗannan bayanan sun kai biliyoyi, kuma ana taɓa su duk lokacin da ka shiga, duk lokacin da aka turo saƙo, duk lokacin da aka karanta. Da yaren rubuta manhaja mai suna Go suka rubuta shi da farko, sai suka lura duk bayan kamar minti biyu yana ɗan cijewa saboda yaren yana tsayawa ya share bayanan da aka gama da su daga ƙwaƙwalwar kwamfuta, har sai da suka sake rubuta shi da yaren Rust. Duk wannan wahalar a kan ɗan farin ɗigon da ke gefen sunan zaure ne.

Yanzu WhatsApp, wanda shi ne ainihin inda tambayarka ta fi ƙarfi. Shi gininsa daban ne tun daga tushe. Telegram yana ajiye hirarrakinka na yau da kullum a sabarsa, shi kuwa WhatsApp saba ɗan aike ne kawai, yana miƙa saƙo ya goge, in wayarka a kashe take zai riƙe maka har kwana 30, kuma tun 2016 saƙonnin a kulle suke daga waya zuwa waya, kamfanin ba ya iya karanta su. To tunda hirar a wayarka take zaune, lissafin sababbi ma a wayarka yake. Koren da'irar nan mai lamba wayarka ce take ƙirgawa, saƙo ya shigo hirar tana rufe sai ta ƙara ɗaya. Kana buɗe hirar za ta kai ka kan saƙon farko da ba ka gani ba ta ja maka layi a wurin, amma a lissafinta ka riga ka shiga, sai ta mayar da lambar sifili. Ka fita ka dawo layin ma ya tafi. Ba lalacewa wayarka ta yi ba, haka aka tsara shi, kuma gaskiya a guruf mai yawan magana tsarin Telegram ya fi shi tausayin mai karatu nesa ba kusa ba.

Sai maganar tik, wadda ita kuma wani lissafi ne daban da mutane suke haɗawa da na farko. Lambar sababbi taka ce, kai take wa aiki. Tik kuwa rasit ne da wayarka take aika wa wanda ya turo saƙon. A WhatsApp tik ɗaya ya isa saba, biyu masu toka ya sauka a wayar mutum, biyu shuɗaye an buɗe, kuma a watan Nuwamba 2014 aka kawo shuɗin. A guruf ba ya zama shuɗi sai kowa da kowa ya buɗe, shi ya sa a guruf mai mutum 1,024 da wuya ka ga bulu tik, amma in ka danna saƙonka ka shiga bayaninsa za ka ga sunayen waɗanda ya isa wajensu da waɗanda suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, wayarka ce take tattara rasit ɗin. Ko ka kashe bulu tik a saitin, a guruf ba ya aiki, za a ga ka buɗe. A Telegram kuma ma'anar ta sha bamban, tik ɗaya ya isa saba, biyu an buɗe, kuma a guruf mutum ɗaya ma ya buɗe ya isa ya zama biyu. Jerin sunayen waɗanda suka gani a ƙananan guruf kawai suke bayarwa, shi ma bayan kwana 7 suke gogewa, saboda lissafin nan da muka yi a sama na mutum sau saƙo shi ne yake dawowa.

Ina jin zafin yadda wannan tik ɗin yake haɗa mutane faɗa, mata da miji, yaro da ubangidansa, abokan kasuwanci, ka ga saƙona ka yi banza da ni. Wallahi sau da yawa mutumin bai gani ba. Yaro ya ɗauki wayar yana wasa ya buɗe, ko hirar tana buɗe a kwamfutar shago shi yana can yana sallamar kwastoma, ko ya shiga neman wata lamba ya fita. A ɗaya gefen kuma mutum yana iya karanta saƙonka tsaf daga sanarwar da ke saukowa a saman waya, tik bai canza ba, domin hirar ba a buɗe ta ba. Masu kashe data su karanta su ma jinkirta rasit ɗin kawai suke yi, yana nan a layi, netwok na dawowa manhajar ta haɗu da saba zai tafi.

Batun laftof kuma, ga yadda yake. A Telegram tunda alamar tana saba, duk na'urorinka wuri ɗaya suke kallo, kana karantawa a waya saba take sanar da laftof, in ka ga saɓani to ɗayansu ne netwok ɗinsa ya yanke. A WhatsApp kowace na'urar da ka haɗa, har guda huɗu bayan babbar wayarka, tana da nata kwafin hirar da nata lissafin, don haka in ka karanta a waya sai an aika wa laftof wani ɗan saƙo na ɓoye a kulle cewa an karanta hira kaza. In lokacin da ka karanta netwok ɗin wayar yana rawa, ko laftof ɗin yana rufe, wannan ɗan saƙon zai makara, sai ka buɗe ka ga abin da ka gama da shi tun safe yana nan kore. Yawanci in ka bar su duka biyun a kan netwok mai kyau na ɗan lokaci suna daidaita kansu. In abin ya ƙi, cire haɗin laftof ɗin ka sake haɗawa.

Akwai kuma lamba ta uku, wadda ke kan tambarin manhajar a fuskar waya, ita ma ba ɗaya take da ta ciki ba. A Android tun daga na 8 da ya fito a 2017, ɗigon yana bin sanarwar da ke rataye a sama ne, ka share sanarwar da yatsa ɗigon ya tafi ko da ba ka buɗe komai ba, kuma kowane kamfanin waya, Tecno ne ko Infinix ko Samsung, yana da yadda yake nuna tasa lambar. A iPhone manhajar ko sabarta ce take faɗa wa wayar lambar da za ta rubuta. Ga kuma guruf ɗin da ka sa wa shiru ko ka tura ma'ajiya, wani saitin yana ƙirga su wani ba ya ƙirgawa. Don haka in ka ga 3 a waje ka shiga ka tarar da 40, ko ka ga 1 ka neme shi ka rasa, duba ma'ajiyar hirarraki tukuna. Wani lokacin kuma saƙo ne aka turo aka ƙirga shi sannan mai shi ya goge, lissafin bai ragu ba, sai ka buɗe hirar yake gyaruwa.

In kai mai koyon rubuta manhaja ne kana son gina irin wannan, shawarata ka ajiye layi ɗaya ga kowane mutum a kowace hira, ka bar saba ta riƙa ba da lambar saƙo, kuma kada ka taɓa yarda alamar ta koma baya. Domin waya tana iya cewa ya kai 8,600, can bayan awa ɗaya laftof da ya makara ya farka ya ce ya kai 8,200, in ka karɓi na ƙarshen da ya zo kawai to ka dawo wa mutum da saƙo ɗari huɗu da ya riga ya karanta. Kullum ka ɗauki mafi girma a cikin biyun. Kuma kada ka ƙirga wa mutum saƙon da shi da kansa ya tura.

Kai kuma mai karatu, a WhatsApp in saƙo sun taru kuma ba ka da lokacin gamawa, kafin ka fita ka sa wa saƙon da ka tsaya a kai tauraro, in ka dawo ka shiga jerin masu tauraro ka danna shi zai mayar da kai wurin. Masu kula da guruf su ma akwai abin da ya kamata su sani, gyara tsohon saƙo ba ya mayar da shi sabo. WhatsApp yana ba ka minti 15 ka gyara abin da ka tura, Telegram ma ana gyarawa, amma lambar saƙon ba ta canzawa, yana nan a bayan alamar duk wanda ya riga ya wuce shi, babu lambar da za ta ƙaru a wayar kowa. In an ɗaga taron daga ƙarfe huɗu zuwa bayan isha'i, ko an canza lambar asusun da za a tura gudummawa, kada a tsaya a gyaran tsohuwar sanarwa, a sake turo sabuwa a maƙala ta a saman guruf.